Ɗaurin Notin Taya a Tsofaffin Motoci: Kowace Mota da Awonta

Noti huɗu ko biyar ne ke riƙe da kowace tayar ƙaramar mota, a wasu tsofaffin motocin ma uku ne kacal, kamar Peugeot 404. Kowane kamfanin ƙera mota yana rubuta ƙarfin da za a ɗaure waɗannan notuna da shi, kuma lamba ce ƙayyadaddiya, ba a bar ta ga damtsen mai ɗaurin ba. Idan ɗaurin bai kai wannan lamba ba, taya na iya kwancewa ana tsakiyar gudu. Idan kuma ya zarce ta, boltin da notin ke hawa na iya tsinkewa. Haɗarin ya fi yawa a motocin da suka shekara 40 ko 50, irin su Volkswagen Bitil da Peugeot 504 waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Legas da Kaduna tun daga 1975, da tsofaffin Mercedes-Benz na Jamus, da Mini da MG na Ingila. Da yawansu an ƙera su da siraran bolti, kuma ƙarfen nasu ya daɗe yana shan wuya.

Abu na farko shi ne sanin aikin da noti yake yi. Idan aka murɗa noti a kan bolti, notin yana jan boltin ne, sai boltin ya ɗan miƙe, miƙewar da ido ba ya gani. Shi kuma ƙarfen yana ƙoƙarin komawa yadda yake, kuma wannan ƙoƙari ne ke matse wili a jikin hob, wato uwar ƙarfen da wilin ke zama a kanta. Misalinsa robar ɗaure kaya a bayan babur: idan ba a ja ta ba kayan za su yi ta rawa, idan an ja ta daidai za ta riƙe, idan kuma aka ja ta fiye da kima za ta saki ko ta tsinke. Matsar da ke tsakanin bayan wili da fuskar hob ita ce ke ɗaukar nauyin mota da fizgar birki da karkatar kwana. Da zarar matsar ta ragu, wilin zai fara motsi, sai nauyin ya koma yana lanƙwasa boltin a duk juyawar taya, alhali ba don wannan aiki aka ƙera shi ba.

Tunda ba a iya auna miƙewar bolti a gareji, sai ake auna ƙarfin murɗawar da aka yi wa notin. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: nauyin da aka danna, sau tsawon sifanar da aka danna shi a kai. Ma'aunin da ake amfani da shi a yau shi ne niyuton-mita. Don samun niyuton-mita 100 da sifana mai tsawon santimita 30, ana bukatar danna bakinta da nauyin kilo 34 ko kusa da haka. Mutum mai nauyin kilo 70 idan ya hau kan wannan sifana da ƙafa, ya ba notin fiye da niyuton-mita 200. Idan kuwa ya zura mata bututu mai tsawon mita 1 ya hau ƙarshensa, ƙarfin ya kusa 690, wato kusan ninki bakwai na abin da ake nema. Wannan ne dalilin da kamfanoni ke sanya gajeriyar sifana a bayan mota. An auna tsawonta ne yadda ƙarfin hannu kaɗai zai isa.

Littattafan tsofaffin motoci ba su yi amfani da ma'auni ɗaya ba, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Na Jamus da Faransa sun fi rubuta kilogiram-mita, na Ingila da Amurka kuma fam-ƙafa. Kilogiram-mita 1 ya yi daidai da niyuton-mita 9.8, wato a taƙaice a ninka sau goma. Fam-ƙafa 1 kuma niyuton-mita 1.36 ne. Saboda haka wanda ya ga an rubuta niyuton-mita 100 amma ya saita sifanarsa a fam-ƙafa 100, ya ɗaure da 136 ba tare da ya sani ba. Wanda kuma ya ga kilogiram-mita 10 ya ɗauka niyuton-mita 10 ake nufi, bai ɗaure komai ba. Kafin a karanta lamba, a fara duba ma'aunin da ke gefenta.

Ga lambobin wasu sanannun motoci. Volkswagen Bitil iri biyu ce ta wannan fuska. Ta farko, mai bolti biyar da ke nesa da juna a gefen wili, kaurin boltinta milimita 12 ne, ana ɗaure shi da kilogiram-mita 10, wato kimanin niyuton-mita 100. Daga samfurin 1968 kamfanin ya koma bolti huɗu masu kaurin milimita 14, ana ɗaure su da kilogiram-mita 12 zuwa 13, wato niyuton-mita 120 zuwa 130. Mercedes-Benz samfurin W123, wadda aka fara sayarwa a 1976, boltinta milimita 12 ne, ɗaurinsa niyuton-mita 110. MGB ta Ingila, wadda aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, tana bukatar fam-ƙafa 60 zuwa 65, wato niyuton-mita 81 zuwa 88. Ita kuwa tsohuwar Mini, wadda ta fito a 1959, kaurin boltinta bai kai milimita 10 ba, ɗaurinsa kuma kusan niyuton-mita 60 ne kawai. A taƙaice: Bitil mai bolti biyar 100, mai bolti huɗu 120 zuwa 130, Mercedes W123 110, MGB 81 zuwa 88, Mini kusan 60.

Bambancin da ke tsakanin 60 da 130 ya isa ya nuna cewa babu lamba guda da za ta yi wa kowace mota. Yawancin ƙananan motocin zamani ana ɗaure su tsakanin 110 da 140, kuma hannun makaniki ya saba da wannan. Idan ya kai wannan sabo kan Mini, ya ninka ɗaurin da aka ƙayyade wa boltinta. Kowane allazi da nasa amanu. Lambar da za a bi ita ce wadda ke cikin littafin mai mota ko littafin gyara na ainihin samfurin da shekararsa. Idan kuma an sauya wili ko hob da na wata mota, to kaurin boltin da ke jikinta yanzu da umarnin kamfanin da ya yi wilin su ne abin dubawa. Haka nan kada a haɗa boltin wili da babban notin tsakiya na tayar baya a Bitil, mai kan milimita 36. Shi wannan kusan niyuton-mita 300 yake bukata, kuma ana tokare shi da fil don kada ya juya.

Akwai wani abu da ke sa lambar ta zama daidai ko ta ɓaci, shi ne gogayya. Masana aikin ƙarfe sun ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ake murɗa noti da shi yana ƙarewa ne wajen yaƙi da gogayya, wani a cikin zare, wani a mazaunin notin. Kusan kashi 10 ne kawai ke miƙar da boltin. Lambobin da kamfanoni ke bayarwa na notin taya, galibi na zare ne mai tsabta kuma busasshe. Idan aka shafa giris ko baƙin mai, gogayyar za ta ragu, notin zai yi ta shiga cikin sauƙi, kuma kafin sifana ta nuna 100 boltin ya riga ya miƙe fiye da kima. Idan kuma zaren ya yi tsatsa ko ya cika da yashi, akasin haka ne zai faru: sifana za ta nuna an kai lamba alhali wilin bai matsu ba. Maganin tsatsa shi ne burushin waya. Idan an fesa man kwance tsatsa don a samu noti ya fita, a goge shi tas kafin a mayar. Ba a shafa wa zare ko mazaunin noti mai sai in littafin motar ne ya ce a yi.

Ɗaurin da bai kai ba yana da alamominsa. Direba zai fara jin ƙwas-ƙwas daga wajen taya, musamman a tafiyar hankali ko wajen shan kwana, sai sitiyari ya fara rawa. Wanda ya tsuguna ya duba zai ga jan garin tsatsa ya fito daga ƙarƙashin notin ya ja layi zuwa gefen wili, ko ya ga ƙarfen da ke kewaye da notin ya yi sheƙi saboda guga. Idan aka cire wilin, ramukan da ya kamata su zama da'ira sun koma dogaye. Wilin da ya kai wannan matsayi ya gama aiki, domin ko an ɗaure shi daidai ba zai sake zama daram ba.

Ɗaurin da ya zarce ya fi wuyar ganewa, domin a ido komai lafiya. Ƙarfe yana da iyakar da idan ya miƙe ya wuce ta ba ya komawa. Boltin da ya wuce wannan iyaka yakan sirance a gindin zare, zarensa ya buɗe, kuma ya daina matsa yadda ya kamata. Irinsa ne ke tsinkewa a faɗa rami guda, kuma idan ɗaya ya tafi, nauyin na komawa kan sauran su ma su bi shi. Banda haka, wilin ƙarfe na tsofaffin motoci an ɗan tayar da bakin kowane rami don notin ya zauna a kai, kuma ɗaurin wuce kima yana baje wannan tudu ko ya tsaga shi. A Bitil da Mercedes, inda boltin ke shiga cikin zaren da aka yanka a jikin diram ɗin birki ko hob, zaren ne ke sulewa, gyaransa kuma sai an sauya diram ɗin ko hob ɗin gaba ɗaya. Ɗauri marar daidaito, wani noti ya sha wuya wani ko oho, yana iya murguɗa diram ko faifan birki, sai a ji feda tana bugun ƙafa idan an taka. Bindigar iska da masu gyaran taya ke amfani da ita tana iya ba da ɗaruruwan niyuton-mita cikin daƙiƙa kaɗan, don haka a tsohuwar mota amfaninta shi ne kwancewa. Ba a ƙarasa ɗauri da ita.

Lamba ba ta da amfani idan notin bai dace da wilin ba. Mazaunin noti iri uku ne. Akwai mai tsini, wanda gindinsa ya tafi a karkace, galibi digiri 60. Akwai mai kumburi kamar rabin ƙwallo, wanda Volkswagen da Mercedes-Benz suka yi amfani da shi a wilinsu na asali. Akwai kuma mai shimfiɗaɗɗen gindi da washa, wanda ake gani a wasu wilin alminiyam. Idan aka sa mai tsini a ramin da aka yi don mai kumburi, a siririn layi kawai za su haɗu, ƙarfen wurin zai lotsa bayan 'yar tafiya, notin ya saki. Noti mai tsini kuma gefen tsininsa ne ke fuskantar wili. Yaran gareji sukan juya shi a kife, kuma wannan kuskure ne mai haɗari.

Tsawon bolti ma abin lura ne. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce zaren da ya shiga ya kai aƙalla kaurin boltin. A bolti mai milimita 12 wanda tazarar zarensa milimita 1.5 ce, hakan na nufin juyi 8 cikakku. Wilin alminiyam ya fi na ƙarfe kauri, don haka yana bukatar bolti mai tsawo. Idan aka ɗauki wannan dogon bolti aka ɗaure sifiyar ƙarfe da shi, zai iya zarcewa ciki ya taɓa kayan birki. Mai motar da ke da wilin alminiyam da sifiyar ƙarfe ya kamata ya ajiye gajerun bolti na sifiyar a tare da ita.

Wasu tsofaffin motoci suna da zaren hagu, wato notin da ake ɗaurewa ta inda aka saba kwancewa. Motocin kamfanin Chrysler na Amurka, har zuwa wajen 1970, suna da irin wannan zare a tayoyin gefen hagu, kuma ana buga harafin L a kan boltin. Wanda bai sani ba zai yi ta murɗawa yana zaton tsatsa ce ta kama, har ya tsinke boltin. Sai kuma motocin tsere da na ƙawa na Ingila, irin su Jaguar E-Type da wasu MG, masu wili mai wayoyi wanda babban noti guda mai kunnuwa ke riƙewa a tsakiya. Shi wannan ba da sifana ake ɗaure shi ba, da guduma mai taushin kai ce, ta tagulla ko ta darma. Na gefen dama zaren hagu ne, na gefen hagu kuma zaren dama, kuma a jikinsa akwai kibiya da ke nuna hanyar kwancewa. Sauya hob ɗin dama zuwa hagu a irin waɗannan motoci na sa notin ya riƙa kwance kansa da tafiya.

Kayan aikin da ke tabbatar da lamba shi ne sifana mai ma'auni. Iri biyu aka fi sani. Ɗaya tana da allura da ke nuna lamba yayin da ake ja. Ɗayar ana saita lambar ne a mariƙinta, idan an kai sai ta yi ƙas, hannu ya ji ta ɗan saki. Ana riƙe ta a tsakiyar mariƙi, a ja a hankali ba tare da fizga ba, a tsaya a ƙarar farko. Maimaita ja bayan ta yi ƙara ƙari ne a kan lamba. Idan kuma ta yi ƙara notin bai motsa ko kaɗan ba, wannan ba shaida ce ta daidaito ba, domin notin da aka ɗaure da 200 ma haka zai yi. A sassauta shi, a sake ɗaurewa. Ba a kwance noti da wannan sifana, ba a zura mata bututu, ba a jefar da ita ƙasa. Bayan aiki ana mayar da ita lamba mafi ƙanƙanta don sifirin da ke ciki ya huta. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 6789 ta ba da shawarar a gwada sahihancinta duk wata 12, ko bayan ɗauri 5,000.

Tsarin aikin kansa kamar haka yake. A ajiye mota a wuri mai faɗi da tauri, a ja birkin hannu, a sa giya, a tokare tayar da ke ɗaya kusurwar. A ɗan sassauta notuna tun taya na ƙasa, sannan a ɗaga da jak, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bayan an cire wili, a kankare tsatsa da laka daga fuskar hob da bayan wilin, a goge zare da burushi. A mayar da wilin, a ɗaura kowane noti da yatsu. Noti mai lafiya yana shiga juyi da yawa ba tare da sifana ba. Wanda ya ƙi shiga, ko dai ya hau zare a karkace, ko boltin ya miƙe, kuma tilasta masa ɓarna ce.

Daga nan sai ɗauri a tsallake, ba bi da bi ba. Idan noti biyar ne, a ƙidaya su a zagaye, a bi 1, 3, 5, 2, 4. Idan huɗu ne, a bi 1, 3, 2, 4. Idan uku ne, a zagaya su kaɗan-kaɗan har sau uku. Dalili shi ne wilin ya zauna a tsakiya, kada gefe guda ya kama ɗayan na sama. Zagayen farko a yi shi da kusan rabin lamba taya na sama. Sai a sauke motar har tayar ta taɓa ƙasa yadda ba za ta juya ba, a ƙarasa zuwa cikakkiyar lamba da wannan tsari na tsallake. A yi awon wili na sanyi, ba lokacin da birki ya gasa shi ba.

Aikin bai ƙare ba sai an sake duba ɗaurin bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. A wannan tazara ne wili ke gama zama, ƙura da ɓurɓushin tsatsa su murƙushe, matsar ta ɗan ragu. Motocin da aka sabunta wa fenti sun fi bukatar wannan, domin fenti mai kauri a mazaunin noti ko a bayan wili yana laushi idan birki ya yi zafi, sai notin da aka ɗaure daidai ya wayi gari a sake. Hanya mafi kyau ita ce a kankare fentin daga waɗannan wurare tun kafin a ɗora wilin.

Idan faci ya kama a hanya kuma babu sifana mai ma'auni, a yi amfani da sifanar motar da ƙarfin hannu, ba hawa da ƙafa, ba ƙarin bututu, a bi tsarin tsallake, sannan a auna da zarar an isa gari. Bolti ko notin da zarensa ya sule, ko ya sirance, ko tsatsa ta ci shi, ko kansa ya gundule, sauya shi ake yi da mai irin kaurinsa da tsawonsa da mazauninsa da ingancin ƙarfensa, ba a walda shi, ba a cike gurbinsa da na kasuwar kayan gini. Idan ɗaya ya tsinke, a sauya duk na wannan tayar, domin sauran ma sun sha wahalar da ta karya shi. Yana da kyau mai tsohuwar mota ya rubuta lambar ɗaurin motarsa da ma'auninta a takarda, ya manna a cikin but kusa da sifiya, yadda duk makaniki ko mai facin da zai taɓa tayar zai gani kafin ya ɗauki sifana.